Ku Dawo Mana da Doguwar Sandar Fatsa

Abin da nake nema ba shi da yawa, kuma ba sabon abu ba ne a duniya. Sandar fatsa ce ta faiba, wato wadda aka yi da zaren gilashi, mai tsawon ƙafa bakwai zuwa takwas, mai gaɓa biyu, mai laushin da za ta lanƙwasa tun daga tsini har kusa da mariƙi, wadda zan ɗaura wa ƙaramin injin naɗe zare in jefa ƙugiya da siririn zare a rafi. Shi ke nan. A shekarun 1960 irin wannan sanda kayan yau da kullum ce a shagunan kayan kamun kifi na Amurka da Turai, mai ƙaramin ƙarfi ma yana saya. Yau da masana'antu suka yi yawa, kwantena na yawo a teku ba dare ba rana, samunta ya zama jan aiki, in ka tambaya ma sai a riƙa yi maka kallon wanda aka bari a baya.

Raina a ɓace yake, ba zan ɓoye ba. Rashin sandar yana ci mini rai, amma rainin wayon da ke biye da shi ya fi ci. Wani mai shago da na shiga wurinsa ya ɗauko mini wata 'yar guntuwar sanda baƙa mai ƙafa biyar, ya kaɗa ta a iska ta tsaya ƙyam, ya ce, "Alhaji, ai an wuce zamanin faiba. Yanzu kabon ake yayi. Riƙe ka ji, ko nauyi babu." Na ce, "Malam, da wane zare ka taɓa jifa da ita?" Ya ce shi bai taɓa zuwa fatsa ba, sayarwa kawai yake yi. Ban ga laifinsa sosai ba. Abin da aka kawo masa shi yake sayarwa, abin da aka rubuta a jikin kwali shi yake maimaitawa. Laifin yana can sama, wurin waɗanda suka zauna suka yanke wa mai fatsa abin da zai so ba tare da sun tambaye shi ba.

Bari in yi wa wanda bai san harkar ba bayani, kada a ɗauka son tsohon kaya ne kawai ke damuna. In damina ta ɗauke, ruwan ƙorama garau yake komawa, kana ganin tsakuwar da ke ƙasa, kifin ma yana ganinka. A rafukan da ke gangarowa daga duwatsun Filato, inda nake zuwa, kawara da karfasa ba sa kusantar zare mai kauri. Dole ka sauko zuwa zaren nailon mai ɗaukar laba huɗu, wani lokaci ma laba biyu. Zaren laba huɗu kaurinsa wajen kashi ɗaya cikin biyar na milimita ne, kuma nauyin da bai kai kilo biyu ba ya isa ya tsinke shi. In ka ƙulla masa ƙugiya, ƙullin ya rage masa ƙarfi. In ya gogi dutse, ya ƙara raguwa. Da wannan ɗan abin za ka riƙe kifin da gudun ruwa ke mara wa baya.

Galibi kuma ba nauyin kifi ke tsinke zare ba, fizga ce. Kifi ya kama koto, ya ji ƙarfe a bakinsa, ya girgiza kai, ya juya ya bi ruwa a guje. Wannan fizga ta ƙiftawar ido ita ke raba ka da shi. Birkin injin yana taimakawa, amma kafin kwarkwaron ya fara sakin zare akwai ɗan jinkiri, a cikin jinkirin nan kuwa sanda ce kaɗai ke tsaye tsakanin kifin da ƙullinka. Doguwar sanda mai laushi takan sunkuya ta shanye fizgar, ta ɗago a hankali, zaren bai saki ba, bai kuma ɗame fiye da kima ba. Guntuwa mai tauri ba ta da abin sunkuyawa, duk abin da kifin ya yi zaren ne zai sha shi kai tsaye. Sai ka ji tas, sandar ta miƙe, guntun zare yana lilo a iska, kifi ya tafi da ƙugiya a leɓe zai yi ta fama da ita. Wahalar da aka bar wa kifin ta fi damuna a kan asararsa. In zaren ya jure ma, sau da yawa ƙaramar ƙugiyar ce za ta yage leɓen ta fita. Siririn zare a kan sanda mai tauri daidai yake da ɗaura zaren ɗinki a jikin muciya a ce ka je ka ja kifi da shi.

Tsawo kuma aikinsa daban. Ruwan rafi ba gudu ɗaya yake yi ba: na tsakiya yana sauri, na gefe yana jan jiki, na bayan dutse kuma juyawa yake yi, a nan kifi ke fakewa yana jiran abin da ruwa zai kawo masa. In ka jefa koto bayan dutsen, zarenka kuma ya kwanta a kan ruwan tsakiya, nan take ruwan zai ja zaren ya fizge koton daga inda ka sa shi. Da sanda mai ƙafa bakwai da rabi sai kawai ka ɗaga hannu, yawancin zaren ya bar ruwa, koton ya zauna a gurbin yana irin tafiyar da fara za ta yi in ita ta faɗo da kanta. Da mai ƙafa biyar sai ka matso har bakin ruwa, inuwarka ta faɗa kan gurbin, kifin ya watse kafin ka ɗaga hannu. Ga dogayen ciyayin bakin rafi da sai da tsawo za ka miƙa sanda ta samansu. Ga kuma jifa. Koton ƙarfe mai farfela irin na Mepps, wanda injiniyan Faransa André Meulnart ya ƙirƙiro a 1938, ƙananansa ba su wuce giram biyu zuwa uku da rabi ba. Abu marar nauyi haka ba zai lanƙwasa sanda mai tauri ba, in kuwa sanda ba ta lanƙwasa ba, to ba ita ke jifan ba, kafaɗarka ce. Faiba takan karɓi ɗan nauyin nan ta karkata baya, ta sako shi gaba a natse, ko tsutsa ka sa ba za ta fice daga ƙugiya a iska ba.

Babu wani sirri a nan. Yaran ƙauye da ke fatsa a bakin rafi, waɗanda ba su taɓa ganin tallan wani kamfani ba, in za su yanko sanda doguwa suke zaɓa, siririyar gora mai lanƙwasa. Ba sa yanko guntun icce mai tauri, don sun gwada sun ga abin da ke faruwa.

A tarihin sana'ar ma faiba ba gazawa ta yi aka ajiye ta ba. Kafin Yaƙin Duniya na Biyu, sandar fatsa ta ƙwarai da gora ake yin ta, wata irin gora da ake kawowa daga kudancin Sin, a tsaga a fere a manne. A 1944 wani masanin sinadarai a jihar Ohayo ta Amurka, Dokta Arthur Howald, ya karya tsinin sandarsa ta gora, ya gyara ta da zaren gilashi da danƙon masana'anta. Daga wannan gyaran ne kamfanin Shakespeare ya fito da sandar Wonderod a 1947. A ƙarshen 1950 Amurka ta hana ciniki da Sin saboda yaƙin Koriya, gora ta yanke, faiba ta gaje filin. A daidai lokacin injin Mitchell 300 na Faransa ya bazu, kamfanin DuPont kuma ya fito da zaren nailon mai laushi na Stren a ƙarshen shekarun 1950. Ukun nan suka haɗu suka mayar da fatsa abin kowa da kowa, ma'aikacin masana'anta da ɗansa su fita ran hutu su kamo kifi ba tare da sun kashe albashin wata ba.

Sai 1973, da kamfanin Fenwick ya fito da sandar HMG ta kabon. Ba na musun cewa an samu ci gaba. Zaren kabon ya ninka na gilashi tauri wajen sau uku, don haka da kaɗan daga cikinsa ake yin sanda mai ƙarfi marar nauyi. Mai jifa da nisa a babban tafki ko a teku, da mai son jin taɓawar kifi a can ƙarƙashin ruwa mai zurfi, sun samu abin da suke so, Allah ya sanya alheri. Amma abin da ya ba kabon tauri shi ya hana shi haƙuri. Zaren gilashi yakan miƙe da kashi huɗu zuwa biyar cikin ɗari kafin ya tsinke, na kabon kuwa wajen kashi biyu ne ko ƙasa da haka. Bangon sandar kabon siriri ne, in ta bugi dutse, ko koton ƙarfe ya dawo ya doke ta, sai ta yi ɗan raunin da ido ba ya gani, ranar da ka zo ɗaga kifi ta karye daidai wurin. Faiba ta faɗi a kan dutse, a danne ta da kaya a bayan a-kori-kura, a ɗauko ta ta ci gaba da aiki. Shi ya sa har yau akwai sandunan shekarun 1960 a hannun jikokin waɗanda suka saye su. Wanda ke hawa yana sauka a kan duwatsu masu gansakuka, wanda dole wata rana santsi ya kwashe shi, shi ne mutum na ƙarshe da ya kamata a tilasta wa riƙe sanda mai saurin karyewa.

Masu masana'antar sun san duk wannan sarai. Shekara uku kacal bayan fitowar HMG, a 1976, Shakespeare ya fito da Ugly Stik, wadda aka haɗa kabon da gilashi a jikinta aka bar mata tsinin gilashi zalla, kuma a kan rashin karyewa aka tallata ta har ta shiga sahun sandunan da aka fi saye a Amurka. Sun san maganar tsawo ma. A shekarun 1970 wani mai fatsa a jihar Mishigan, Dick Swan, ya yi suna da dogayen sanduna masu laushi ƙwarai, ƙafa goma zuwa sama, yana kamo manyan kifayen tirawut masu haurowa daga tafkuna da zaren laba biyu da laba huɗu. Kifin da ya ninka ƙarfin zaren sau da yawa, sandar ce ke gajiyar da shi. Abin da ya nuna wa duniya ke nan shekara hamsin da suka wuce: in zare ya ƙara sirancewa, sanda ƙara tsawo da laushi take bukata. Amma ka shiga shago yau ka ce kana son sandar siririn zare, abin da za a fara miƙo maka mai ƙafa huɗu da rabi ne zuwa biyar da rabi. In an samu doguwa, kusan kullum ta kabon ce mai taurin gindi, tsininta kaɗai ke motsi. Wa ya kafa wannan doka? Ba mai fatsa ba ne.

Ni dai na yi imani kuɗi ne ya kafa ta. Guntuwar sanda tana shiga kwali da yawa, ba ta cin wuri a kwantena, kamfanonin aike ba sa ɗora mata ƙarin kuɗin dogon kaya, tana tsayawa a kowane lungun shago. Sandar da ba ta karyewa kuma ba ta dawo da mai saye. Faiba mai araha ce, ribar da ke kanta kaɗan ce, ba ta kuma da wani sabon labarin da za a rubuta a kwali kowace shekara. Kabon yana da shi. Bana IM6, baɗi IM8, a ce wannan tan 24 ne wancan tan 30, lambobin da mai saye ba shi da hanyar tantance su, kuma ba sa gaya masa yadda sandar za ta lanƙwasa in kifi ya fizga. Sai a rufe da cewa da ita za ka ji ko da kifi ya sunsuna koto. A ruwan da bai wuce gwiwa ba, garau, ina kallon kawara tana tahowa da idona, zare kuma yana kan yatsana. Jin me kuma za a sayar mini?

Masu kare guntuwar sanda suna da hujja biyu, kuma na saurare su. Ta farko, akwai ƙoramun da itatuwa suka rufe samansu, inda doguwar sanda za ta yi ta maƙalewa a reshe. Gaskiya ne, a irin wurin guntuwa ta fi, ba kuma na cewa a daina yin ta. Amma ba duk rafi ne kurmi ba, da yawa a fili suke tsakanin duwatsu, babu abin da ke samanka sai sararin Allah. Ta biyu, faiba tana da nauyi, in ta yi tsawo tsininta yakan yi ta rawa bayan jifa. Wannan ma gaskiya ne a kan tsohon gilashi mai kaurin bango, shi ya sa ban ce ƙafa goma ba. Sai dai an daɗe da samun zaren gilashi mai ƙarfi da ake kira S-glass, wanda ake yin sanda mai siririn bango da shi, ta rage nauyi, ta rage rawa, laushinta kuma yana nan.

Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne, ana yin irin wannan sandar yanzu haka, amma don wasu. Masu fatsa da ƙudan roba, waɗanda nauyin igiyarsu ke kai musu koto, sun tashi sun ce suna son faiba ta dawo, kuma ta dawo musu. Orvis da Scott da Redington a Amurka, da Epic a Niyu Zilan, duk suna yi musu sandunan gilashi masu ƙafa bakwai zuwa takwas, masu kyau, masu tsada. Ke nan injinan suna nan, ƙarafunan da ake naɗe gilashin a kansu suna nan, masu aikin suna nan. Bambancin tasu da wadda nake nema bai wuce zobban da zare ke bi da mazaunin inji ba. Su an ɗauke su masu kuɗi ne, an ji kukansu. Mai ƙaramin inji da gwangwanin tsutsa kuwa an ɗauka duk abin da aka jefa masa zai karɓa. Kamfanin Eagle Claw na birnin Denba yana cikin 'yan ƙalilan da ba su daina sayar da sandar faiba mai laushi da araha ba, rawayar nan mai suna Featherlight, kuma daɗewarta a kasuwa ta isa shaida cewa masu so suna nan.

A wajenmu abin ya ninka muni, don mu ragowar zaɓin wasu ke iso mana. Abin da ke cika kasuwa kashi biyu ne: manyan sandunan teku masu kaurin da sai dai a ja giwan ruwa da su, da kuma masu gaɓoɓi da yawa da ke shigewa cikin juna. Waɗannan na biyun da yawansu na faiba ne, amma faiba mafi ƙasƙanci, zobbansu a karkace, gaɓoɓin suna cijewa da yashi ya shiga, zoben tsini yana fita tun fitar farko. Su suka ɓata wa faiba suna har yaro ya ɗauka faiba na nufin tarkace. In ka ce za ka yi odar ta ƙwarai da kanka, ga canjin dala, ga kuɗin aike da kan zarce kuɗin sandar, ga kwastan, bayan duk wannan kuma ta iya isowa a karye babu wanda za ka kama.

'Yan kasuwarmu masu zuwa Sin ba su da uzuri. Birnin Weihai da ke lardin Shandong cike yake da masana'antun sandar fatsa, aikinsu ke nan, ka faɗi tsawo da laushi da yawan gaɓa su yi maka in odar ta kai. Sanda mai ƙafa bakwai da rabi in aka raba ta biyu, kowane ɓari bai kai ƙafa huɗu ba, kwali zai ɗauke ta lafiya. Abin da ya hana shi ne babu wanda ya tako ya zo bakin rafi ya tambayi masu fatsa me suke so. Ana ɗauko abin da ya fi araha a kan tebur, a zo a ce mana shi ake yayi. Akwai kuma maganar rai da ba na jin masu sayarwa suna faɗa wa kowa: kabon yana ɗaukar wutar lantarki, shi ya sa ake manna gargaɗi a jikin sandunansa, mu kuwa ga wayoyin wuta nan suna reto ƙasa-ƙasa a kan rafukan bakin gari. Gilashi ba ya ɗaukar wuta haka, ko da yake da hadari ya taso da walƙiya kowa ya kamata ya ajiye sanda, ko ta mene ce, ya bar bakin ruwa.

Masu naci sun samo mafita, ita ce haɗa sandar da hannunsu. A sayi tsurar sandar gilashi ta masu ƙudan roba, mai ƙafa bakwai da rabi, daga cikin marasa nauyi, wadda ba a sa mata komai ba. A lanƙwasa ta a ƙasa a gano gefen da take son karkata, a yi alama. A jera zobba a kan layin, na farko babba mai doguwar ƙafa don zaren da ke warwarowa daga kwarkwaro ya samu hanya, sauran suna ƙanƙancewa har tsini. A manne su da salatif tukuna, a zura zare a ɗaura masa ɗan nauyi a ga ko zaren yana bin lanƙwasar sandar ba tare da ya yi kwana ba, a matsa wannan zobe gaba, a dawo da wancan baya. Sannan a naɗe ƙafar kowane zobe da zare, zagaye kusa da zagaye, a shafa danƙo, a yi ta juya sandar a hankali har ya bushe don kada ya taru a gefe ɗaya. Aiki ne mai daɗi ga mai lokaci da hali, kuma sandar da ke fitowa ta fi yawancin na shago.

Amma don me sai mutum ya zama maƙeri kafin ya samu abin da ya kamata a ce yana rataye a shago? Wanda nake tunawa shi ne matashin da ya tara kuɗinsa na watanni, ya je aka ba shi guntuwar kabon aka ce ita ce ta zamani. Ya je rafi, zare ya tsinke masa sau biyu, tsinin ya karye a kan dutse kafin wata ya ƙare, ya koma gida yana ganin shi ne bai iya ba. Da yawa daga nan suke barin fatsa gaba ɗaya, wasu kuma su koma wa kauri, su sa zaren laba ashirin a ruwan da kifi ke ganin komai, su wuni ba su kama ko ɗaya ba. An cuce su, kuma ba su ma san an cuce su ba.

Saboda haka ina kira ga 'yan'uwana masu fatsa, daga Jos zuwa bakin madatsar ruwan Tiga, mu daina karɓar abin da aka miƙo mana don kunyar fita hannu rabbana. In mai shago ya ce babu, ka sa ya ɗauko takarda ya rubuta tsawon da kake so da irin zaren da za ka sa mata, ka ce ya kai wa mai kawo masa kaya, ka bar masa lambar wayarka, ka fita da kuɗinka a aljihu.